Fitilun Shawara Shida

Nassarawa GRA, Kano
6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Najla da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da rashin wuta. Inna tana nan tana fama da gwiwa, ta ce in gaishe ka sosai.

Ko da ka manta, ni ce Hasiya ta gidan marigayi Malam Jamilu na Gama. Kakata Hajja Fatima da kakarka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Rabona da ganinka shekara goma sha ɗaya, lokacin ina sakandare. An ce min kana yini a wani ɗaki da wayar hannu ba ta aiki a cikinsa, shi ya sa na rubuto ta imel.

Na karanta injiniyan lantarki. Shekara uku ke nan ni da abokin aikina Malachi, mutumin Kaduna, muna haɗa fitilar shawara, wato fitilar nan mai shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta idan idonsa da jikinsa sun yi ɗorawa. Tamu da sola da batir take aiki. Ɗan yayata Rabi ya kwana biyu a ƙarƙashin fitilar da ba ta ci saboda babu wuta, yau shekararsa biyar bai yi magana ba. Abin da ya sa ni wannan aiki ke nan.

Kawu Aliyu ya ba mu boskwatan gidansa nan Nassarawa, ɗaki biyu a bayan bishiyar mangwaro. Mun gama guda bakwai. Haskenta daidai yake, ba ta zafi, tana awa goma sha ɗaya a caji ɗaya. Kowa ya yaba, ban da Malam Inuwa maigadi, wai duk sanda muka kunna ta rediyonsa sai ya kama shuu, muna hana shi jin labarai.

Abin da ya tsayar da mu, hukuma ta ce sai mun kawo takardar gwajin da ke nuna na'urar ba ta damun sauran na'urorin asibiti, su ma ba sa damunta. Ba mu da halin kai ta inda ake wannan gwaji, ban ma tabbata na fahimci abin da ake aunawa ba, don a makaranta shafi biyu aka yi mana a kansa. Inna ce ta ce ai aikinka ke nan. In na turo maka guda ɗaya, za ka iya duba mana ita, ko da mu san inda muka tsaya?

Na gaji da jira, Yaya. Fitilun suna jere a kan tebur, mun lulluɓe su da zani.

Taka ƙanwa,
Hasiya

Penang, Malesiya
19 ga Mayu

Hasiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗinta. Yaya Inna da jiki? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu ma muna nan, Najla ce dai ba ta cika jin daɗi ba kwanan nan, yawan kumburin ƙafa da kasala. Ban manta ki ba. Ke ce kika kwance fankar Hajja kika kasa mayarwa.

Gaskiya aka gaya miki. Ɗakin da nake aiki an kewaye shi da ƙarfe sama da ƙasa, bangon ciki an jera masa soso mai tsini. Babu saƙon rediyo ko na waya da yake shiga. Shekara goma sha huɗu ina shiga da safe in fito da yamma, wani lokaci in na fito kunnena sai ya ɗauki minti biyar kafin ya saba da duniya.

Ga abin da ake aunawa a taƙaice. Duk na'urar lantarki tana fitar da wata hayaniya da kunne ba ya ji, amma sauran na'urori suna ji. Kin san ƙarar nan da rediyo take yi in an kusa kiran wayar da ke kusa da ita? To irinta ce. Gwajin kashi biyu ne. Na farko, a ga yawan hayaniyar da na'urarki take fitarwa. Na biyu, a sakar mata hayaniyar wasu a ga ko za ta jure. Kowanne da layinsa da doka ta shata.

Ki turo, amma ki cire batir, jirgi ba ya karɓa. Ki sani ba takarda zan ba ki ba. Ran Asabar idan babu aikin kowa zan saka ta in gani, tsakanina da ke.

Maganar rediyon maigadinku ta tsaya min a rai. Kada ki kai ko guda ɗaya asibiti sai kin ji daga gare ni.

Yayanki,
Aƙilu

Penang
11 ga Yuni

Hasiya,

Salam. Da fatan kuna lafiya, ki gaida Inna. A tsaye nake rubutun nan. An kwantar da Najla tun jiya, ƙoda ce.

Na samu na saka fitilarki ran Asabar. Ta wuce layin, kuma ba kaɗan ba, har abokin aikina ya sake aunawa don bai yarda ba. Ga zanen sakamakon nan na haɗo miki, ki duba da idonki. Sauran bayani sai na samu kaina.

Ku sa mu a addu'a.
Aƙilu

Nassarawa GRA, Kano
13 ga Yuni

Yaya Aƙilu,

Alhamdu lillahi, saƙonka ya iso. Allah Ya ba Anti Najla lafiya, Ya sa kaffara ne. Inna ta sa an yi mata addu'a a masallacin layinmu. Mu lafiya, jiya ma aka yi ruwan farko na kirki.

Ban san yadda zan gode maka ba. Sau uku na karanta wa Malachi wurin da ka ce ta wuce, kuma ba kaɗan ba. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa. Shekara uku, Yaya. Zanen da ka ce ka haɗo bai zo ba, amma kada ka damu da shi yanzu, maganarka ta ishe ni.

Akwai wani ƙaramin asibitin haihuwa a Giginyu, na wata tsohuwar ungozoma, Hajiya Balaraba. Ta daɗe tana roƙona, don fitilarsu guda ɗaya ce kuma ta mutu tun bara. Ba sayar mata zan yi ba, aro ne kafin takardar hukuma ta fito. Ran Litinin in Allah Ya so za mu kai mata shidan da suka rage. In kana da ta cewa ka sanar da ni kafin nan.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.

Hasiya

Nassarawa GRA, Kano
9 ga Yuli

Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Kwana ashirin da takwas ban ji daga gare ka ba, na san hidima ce ta yi yawa. Na kira layinka sau biyu bai shiga ba. Inna ta tambayi Goggo mahaifiyarka, ta ce ita ma rabonta da muryarka tun farkon wata. Mu muna lafiya, sai mura da ta zaga gidan.

Fitilun suna aiki. Jarirai goma sha tara aka yi wa magani da su zuwa yau, babu wanda sai da aka tura wani wuri saboda shawara.

Abu ɗaya ne yake damuna. Akwai babbar nas ɗin wurin, Sista Clara, 'yar Wusasa, mace mai natsuwa. Ta ce min na'urar da suke maƙala wa bakwaini a ƙafa, mai nuna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini, tana yawan kuka ba dalili tun da fitilun suka zo. Su taso a guje su tarar jariri yana barcinsa. Na ce ko shuɗin hasken ne yake dukan abin da ke ƙafar, ta ce ta riga ta naɗe shi da baƙin ƙyalle, bai daina ba. Malachi yana ganin na'urar tasu ce ta tsufa, ni ma haka na gaya mata, tunda tamu an gwada ta a waje.

Duk da haka in ka samu sarari ka gaya min ra'ayinka. Ba gaggawa.

Hasiya

Penang
21 ga Yuli

Hasiya,

Ki yafe min gajartar gaisuwa. Ki je Giginyu yau, ba gobe ba, ki kashe fitilun nan ki kwaso su duka.

Fitilarki ba ta ci gwajin ba. Faɗuwa ta yi, mummunar faɗuwa. Layin da na ce ta wuce shi ne iyakar hayaniyar da aka yarda na'urar asibiti ta fitar. Ƙasa da shi ake so a tsaya, taki ta haye shi ta yi sama. Da zanen ya zo miki da kin gane da kallo ɗaya. Yanzu na duba, ashe ban haɗa shi ba.

Nas ɗin nan gaskiya ta gaya miki. Allon da ke sarrafa hasken yana kunna wuta yana kashewa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ke kuma kin saka shi a akwatin roba, wanda ba ya tare komai. Dogayen wayoyin ciki sun zame masa eriya. Siririyar wayar da ke ƙafar jariri ita take kwasar hayaniyar ta kai wa na'urarsu. Abin tsoron ba kukan ƙarya ba ne kawai. Tana iya nuna lafiya lau alhali jaririn yana shiɗewa.

Takardarki ta sha uku ga Yuni na gan ta a ranar da ta zo. Ina zaune a bakin ɗakin da ake wa Najla wankin ƙoda, na karanta layin farko, na ga alhamdu lillahi, na ce to ta samu saƙo, na rufe. Sai yau da aka sallamo mu na buɗe su duka biyun.

In kina shakka, ki ari rediyon maigadin, ki kusantar da ita jikin fitilar, ki kunna ki kashe. Amma ki yi wannan bayan kin kwaso su.

Ki rubuto min da zarar kin dawo.
Aƙilu

Nassarawa GRA, Kano
25 ga Yuli

Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Na ji an sallamo Anti Najla, Allah Ya ƙara afuwa. Inna lafiya. Ni ban san me zan ce game da kaina ba.

Takardarka ta makara da kwana huɗu. Ban san haka ba sai da na isa Giginyu.

Ran Alhamis, sha bakwai ga wata, da hantsi, akwai wata bakwaini 'yar kwana biyar a ƙarƙashin fitilata. Da yake na'urar ta ishe su da kukan ƙarya, iyaye suna ta firgita, Sista Clara ta rage mata sauti tun makon da ya wuce. Yarinyar ta daina numfashi, ba wanda ya ji komai. A cikin shuɗin hasken nan kuma ba a gane leɓen jariri ya canja launi. Uwar ce ta miƙa hannu ta taɓa ta, ta ji ta saki, ta ƙwalla ihu. Sista Clara ta yi ta aiki a kanta har ta dawo, ta rungume ta a adaidaita sahu zuwa babban asibiti. Tana raye. An raɗa mata suna a can, Maryam Nana. Likitoci sun ce ba a san minti nawa ta yi ba, sai ta fara girma za a ga ko abin ya taɓa ta.

Ba su kira ni ba, don ba wanda ya kawo fitilar a ransa. Ni ce na gaya musu tasu na'urar ce ta tsufa.

Da na shiga na ce zan kwashe, akwai jarirai biyu a ƙarƙashinsu. Uban ɗaya, wani direba, ya tsaya a ƙofa.

Ya ce, "Baiwar Allah, jiya idon yaron nan kamar an shafa masa kurkur, yau ya fara washewa. Ina za ki kai ta?"

Na ce, "Malam, fitilar tana da matsala. Za a rubuta muku takarda ku je babban asibiti."

Ya ce, "Daga can muka zo. Babu gado."

Malachi ne ya kashe fitilun, ni na kasa. Sai da muka bi su da yaron muka yini a can kafin aka samu wuri.

Hajiya Balaraba ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hasiya, ba ke kika ce min an gwada ta a ƙasar waje ba?" Na ce na faɗa. Ta ce, "To Allah Ya kyauta." Ta shige ofis ta rufe.

Na gwada da rediyon Malam Inuwa. Tun daga taku goma take fara shuu.

Yaya, kwana biyu ina jin haushinka. Kalma ɗaya ce, "ta faɗi", me ya hana ka rubuta ta? Mu nan in an ce yaro ya wuce, ai ya ci jarrabawa ke nan. Amma na koma na karanta takardarka ta farko, inda ka ce maganar rediyon ta tsaya maka a rai. Na karanta ta a lokacin, na gane ta sarai. Ka ce ga zane, zane bai zo ba, ban nema ba. Abin da nake so in ji na ji, na tashi da gudu.

Fitilun sun dawo kan tebur. Malachi bai zo aiki ba tun ranar, ni ma zuwa kawai nake in zauna.

Hasiya

Penang
3 ga Agusta

Ƙanwata Hasiya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da kowa. Najla tana gida, sau uku a mako nake kai ta wanki, sauran ranakun tana kwance. Yara sun koyi dafa shinkafa.

Haushin da kika ji daidai ne. A wurin aikina in na rubuta wa baƙo sakamako da irin kalmar da na rubuta miki, a ranar za a kore ni. Na yi miki sakacin da ba zan yi wa wanda ban sani ba, don kawai ke ta gida ce. Kullum ina tuna yarinyar nan a cikin sallah.

Amma jarirai goma sha tara ɗin nan ma gaskiya ne. Ciwon fitilarki yana da magani, kuma ba mai wuya ba ne.

Ki fitar da allon daga roba ki sa shi a akwatin ƙarfe. Inda murfi ya haɗu da jiki kada a yi fenti, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kusoshi kusa da kusa. Hujin shan iska su zama ƙanana da yawa, ban da doguwar tsaga. Ki gajarce wayoyin ciki, ki murɗe su biyu-biyu kamar igiya. Zan aiko miki da wasu baƙaƙen zobba da ake zura waya a ciki, irin kumburin nan da ke jikin wayar cajar kwamfuta, da matatar da ake sawa a mashigar wuta. Akwatin kuma a haɗa shi da wayar da ake binnewa a ƙasa. Na san gidajenmu da yawa ramin soket na uku ado ne kawai, sai kin duba da kanki.

In kin gama ki turo. Ki je ki taso Malachi.

Aƙilu

Nassarawa GRA, Kano
8 ga Satumba

Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Da fatan mai jiki tana samun sauƙi, kai ma Allah Ya ba ka juriya. Inna ta sha zazzaɓi amma ta miƙe. Ruwa ya yi yawa bana, rufin ɗakin aikinmu yana yoyo ta kusurwa biyu.

Kayan sun iso, mun gode. Malachi ya dawo, ba ya dai magana kamar da. Mun samu wani maƙeri a Dakata, Malam Ƙasimu, shi ya lanƙwasa mana akwatin. Sau uku ina mayar masa, don ya kasa yarda a bar baki ba fenti, wai za a ce bai iya aiki ba. Na huɗun ya yi. Na ɗora rediyo a kan murfin na kunna fitilar, mai karanta labarai bai ko girgiza ba. Jiya na tura maka ita.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. An sallami Sista Clara daga aiki. Dangin yarinyar sun kai ƙorafi, aka ce nas ce ta rage sautin na'ura da gangan, Hajiya Balaraba kuma ta bar maganar a haka. Ana cewa har takardar aikinta za a iya karɓewa. Na je na ce fitilata ce ta jawo, aka ce ina shaida? Ni yarinya ce mai haɗa kaya a boskwata, bakina bai isa ba.

Ina roƙonka shafi ɗaya. Ka rubuta abin da ka auna, da abin da irin wannan hayaniya take yi wa na'urar jariri, da sunanka da matsayinka da sa hannu. Na san a ɓoye ka yi gwajin, na san kuma maganin Anti Najla a kan aikin nan ya rataya. In ba zai yiwu ba ka ce min ba zai yiwu ba, da waɗannan kalmomin, zan fahimta.

Hasiya

Penang
27 ga Satumba

Hasiya,

Salam. Muna nan yadda kika sani. A gaida Inna, a ce mata na ji saƙonta na zuma, Najla tana sha.

Sabuwar fitilar ta ci gwajin, kashi biyun duka. Hayaniyarta tana ƙasa da iyaka a ko'ina, na kuma sakar mata ta wasu ba ta motsa ba. Ku yi sauran biyar ɗin daidai da ita. Amma har yanzu wannan ba takardar hukuma ba ce. Akwai gwajin girgizar wuta da na zafi da ban yi ba, ba fannina ba ne. Kada ta koma kan jariri sai an yi su.

Maganar shafin, mako biyu na yi ina juya ta. Na gaya wa Najla, ta ce, "In ni ce nas ɗin fa?" Washegari na shiga wurin shugabana na faɗa masa duk abin da na yi. An ba ni takardar gargaɗi, an cire ni daga ɗakin gwaji wata uku, ina can sama ina jera fayil. Aikin dai yana nan. Ya bar ni na sa hannu da sunana, ban da na kamfani.

Shafin yana tafe da Hausa da Turanci. Ki kai wa matar nan, ki ba ta haƙuri a madadina.

Aƙilu

Nassarawa GRA, Kano
19 ga Oktoba

Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Anti Najla gaisuwa ta musamman, Allah Ya saka mata da alheri, Ya tashi kafaɗunta. Kai ma Allah Ya mayar maka da abin da ka rasa. Inna lafiya, Kawu Aliyu ya sa an gyara mana rufin.

Shafinka ya yi aiki. An karanta shi a zaman da aka yi, ni ma na miƙe na faɗi nawa a gaban uban yarinyar. Bai kalle ni ba har na gama. Ba za a karɓe takardar Sista Clara ba, gargaɗi kawai aka yi mata. Ni an rubuta sunana, an ce kada a sake ganin kayana a asibiti ba izini, kuma daidai ne. Maryam Nana ta cika wata uku. Uwarta ta bari na ɗauke ta. Tana bin yatsa da ido, abin da aka sani ke nan zuwa yanzu.

Hajiya Balaraba ta aika Sista Clara ta dawo, ta ce ta gode, ba za ta dawo ba. Ta samu aiki a wani ɗakin shan magani a ƙauye bayan Zariya. Ran Asabar ta zo nan yi min sallama. Na zata za ta gaya min magana, na ma shirya ji. Sai ta tsaya tana kallon fitilun a sabbin akwatunansu.

Ta ce, "Injiniya, an ce yanzu sun gyaru?"

Na ce, "An yi rabin gwajin, saura rabi. Mun shigar da takardu, sun ce wataƙila bayan sabuwar shekara."

Ta ce, "Inda za ni babu wuta, babu na'urar da za ta dama, babu komai. In jariri ya yi shawara a taga ake ajiye shi. Ki ba ni ɗaya. Ba wanda zai ji daga bakina."

Na ce, "Sista, ba zan iya ba."

Ta ce, "Wata uku fa kike cewa. Kin san jarirai nawa ne wata uku?"

Na ce na sani.

Sannan ta ɗauki jakarta, ta rubuta min sunan ƙauyen a bayan wata takarda da yadda ake shiga mota, ta ce ranar da izini ya fito kada in aiko kowa, in kawo da kaina. Na raka ta har bakin titi ta samu abin hawa.

Da na dawo Malachi ya ce, "Da kin ba ta." Har yanzu ban san wane ne mai gaskiya tsakanina da shi ba, Yaya. Ban dai ba ta ba.

Taka ƙanwa,
Hasiya